An Samu Ruwa a Turke na Sha Huɗu

Yayana ya yi shekara talatin da ɗaya yana jan sarƙa a aikin awon ƙasa. Aikin na mutum biyu ne: na gaba ya ɗauki bakin sarƙar ya kutsa daji, na baya ya danne ɗaya bakin a kan shaida, safiyo kuma yana gefe da na'urarsa yana rubutu. Yaya ne na gaba tun yana ɗan shekara ashirin da biyu har ranar da aka sallame shi. Shi ya sa a unguwa ba mai kiransa da ainihin sunansa, sai Mai Sarƙa. Ni kuwa akawu ne a ofishin gandun daji, kuma shekara bakwai ya ba ni. Shi da ƙafa ya ci abinci, ni da biro, bai kuwa taɓa barina na manta ba.

"Akawu," haka yake kirana, "wannan littafin naka ya taɓa jin ƙishi kuwa?"

Rajistar ruwa yake nufi. Gandun da muke kula da shi an zagaye shi da turakun siminti arba'in, kowanne da lambarsa, kuma Yaya na cikin waɗanda suka auna layin aka kafa su. Wanda zai bi su daga na ɗaya har ya zagayo zai taka kilomita ɗari uku da goma, ba gari ba ƙauye. A kan layin akwai wurin samun ruwa goma sha ɗaya: rijiya bakwai, ƙorama uku, tafki ɗaya. In 'yan sintiri suka dawo daga zagaye sukan miƙo mini 'yan takardu, ni kuma in shigar da kwanan wata, lambar turke, da sunan wanda ya je. Layin ƙarshe na shafin an rubuta masa "ruwa" a sama. In akwai in ja maki, in babu in sa sifili. Shekara goma sha tara ina wannan aiki ba a taɓa kama ni da kuskure ba.

Yaya mutum ne da ba ya iya tafiya bai ƙirga ba. Ya san taku nawa ne daga ƙofar gidansa zuwa bakin titi, daga bakin titi zuwa kantin magani. Aljihunsa na dama kullum da tsakuwa goma, duk taku ɗari sai ya mayar da ɗaya na hagu. Matarsa ta sha tsintar su a bahon wanki tana mita. Akwai kuma wata ɗabi'a da ya taso da ita daga aiki: duk turken da ya wuce sai ya ɗora masa tsakuwa a ka, a gefen da ya nufa, don na baya ya san inda ya bi. Ya taɓa gaya mini, tun ina makaranta, cewa dokar jan sarƙa ɗaya ce tak. In sarƙa ta tsinke, na gaba ba ya motsi. Ya tsaya inda yake har na baya ya iso shi, in ba haka ba awon wunin duk ya lalace.

Ya yi shekara takwas da barin aiki lokacin da likita ya duba gwiwarsa ta hagu ya ce ta kusa ƙarewa. Wani da ya ji haka sanda zai nema. Yaya kuwa ya dawo gida ya ce zai zagaye layin gandun gaba ɗaya da ƙafa, shi kaɗai. Ya ce a guntu-guntu suka auna shi cikin shekara shida, bai taɓa ganinsa a haɗe ba.

"Baban yara, shekararka sittin da ɗaya," in ji matarsa.

"To ai shi ya sa. Baɗi sittin da biyu ne."

Ta juyo kaina. "Malam Akawu, kai ba za ka yi magana ba? Ko sai an kawo maka a rubuce?"

Na yi magana, sau da yawa ma. Da na ga ba zai fasa ba, sai na ce gara a tsara abin yadda ya kamata. Wata biyu muka yi muna zama a barandarsa kowace Asabar da hantsi, sikelin kicin ɗin matarsa a tsakaninmu, ni da takarda. Duk abin da zai shiga jaka sai ya hau sikeli. Bargo, kilo ɗaya da giram ɗari biyu. Zanen shimfiɗa, giram ɗari huɗu. Wuƙa, ashana a cikin leda, tocila, ɗan guga na roba da igiya mita ashirin, ƙwayar tace ruwa, bandeji na ɗaure gwiwa, gishiri da sukari a gwangwani ɗaya. Takalmi biyu ya so ɗauka, sikeli ya hana. Abinci busasshe ne duka, kuma mun raba shi uku, 'yan sintiri suka ajiye masa kashi biyu a ɗakunansu na turke na ashirin da na talatin da ɗaya. Ya yanke rabin mariƙin buroshin haƙorinsa don ya rage giram takwas, matarsa ta ce to ya aske gemun ma.

Lokaci ma sai da muka yi gardama a kai. In ya fita ruwa bai gama ɗaukewa ba, ƙoramu sun cika, ciyawa ta fi mutum tsayi, ba a ganin turke sai an yi karo da shi. In ya makara, rijiyoyi sun ja baya. Na bi rajistata ta shekara goma sha tara na fitar masa da cewa mako uku bayan ruwan ƙarshe shi ne daidai. Muka sa kwana goma sha tara, kowace rana da turken da zai kwana.

Amma duk lissafin a kan ruwa yake tsayawa. Yaya na shan lita huɗu a rana in yana tafiya, kuma kowace lita kilo ɗaya ce a kan gwiwar nan. Yana da jarka uku masu cin lita huɗu-huɗu, biyu farare ɗaya shuɗiya, da gora mai lita ɗaya. Wuri mafi muni a layin shi ne daga rijiyar turke na sha ɗaya zuwa ƙoramar na sha tara: kwana uku, kuma wunin farko hawan dutse ne zalla. A tsakani akwai rijiya a na sha huɗu, amma shekara uku a jere sifili nake sa mata. Ke nan sai ya hau dutsen da lita goma sha uku a bayansa. Duk lokacin da muka zo wannan wurin a takarda sai ya riƙa shafa gwiwa.

Ana saura mako biyar ya tashi, wani ɗan sintiri da muke ce wa Tsinke saboda ramarsa ya dawo daga zagaye ya ajiye mini takardarsa a tebur. Layi ɗaya ne a ciki: "An samu ruwa a turke na sha huɗu." Na ja maki. Da aka tashi aiki ban ko biya gida ba, na wuce wurin Yaya da littafin a hammata.

Ya daɗe yana kallon makin. "Ka tabbata?"

"Ga takardar, ga kwanan wata, ga sa hannu."

"Ba takarda na tambaya ba, Akawu. Kai na tambaya."

"Na tabbata, Yaya."

Ya miƙa hannu ya ɗauki shuɗiyar jarkar ya miƙa wa matarsa. "Mayar da ita kicin." Sabon tsarin ya zama haka: daga na sha ɗaya zai ɗebi lita biyar kawai ya hau dutsen a sake, ya isa na sha huɗu da yamma da saura kamar lita ɗaya, ya cika jarka biyu a nan, su kai shi na sha tara. A iya sanina, ranar ce Yaya ya fara ajiye wani abu daga kayansa saboda abin da ke rubuce a littafi. Na koma gida ina jin kaina.

Ya tashi ranar Asabar da sassafe. A takardarmu, zai isa na sha huɗu ranar Alhamis da yamma. Ya kira sau ɗaya daga kan wani tudu kusa da na shida, ya ce gwiwa lafiya, ya ce in gaya wa matarsa ta daina ba kajinsa shinkafa. Daga nan babu sabis sai na ashirin.

Ranar Laraba, ƙarfe goma sha ɗaya saura, Tsinke ya shigo ofis karɓar takardar fita. Yana tafiya takalminsa na dama yana buɗe baki yana rufewa. Mai shara ta ce masa ya ba takalmin abinci ko ya yi shiru.

"Bari kawai," in ji shi. "Tun ruwan da ya dake ni a sha huɗu takalmin nan bai koma daidai ba."

Biro na hannuna. Na ajiye shi a hankali. "Wane ruwa?"

"Ruwan sama mana, Malam. Kamar da bakin ƙwarya. Ai na rubuto maka."

"Rijiyar fa?"

"Wace rijiya? Ta sha huɗu?" Ya yi dariya. "Ai wannan bangonta ya zube ciki tun bara. Ƙasa ce fal, ko kare ba zai..." Sai ya ga fuskata, dariyar ta tsaya.

Na buɗe fayil na zaro takardarsa. An samu ruwa a turke na sha huɗu. Babu kuskure ko ɗaya a ciki. Haka kowa ke cewa in an yi ruwa a wuri. Ni ne na kwashe shekara goma sha tara ina kallon layi ɗaya a littafi, har kalmar ta rage ma'ana ɗaya a kaina.

Abin da na fara yi abin kunya ne: lissafi na yi a bayan takardar. Yaya zai isa da lita ɗaya. Gaba kwana biyu ne, baya wuni guda na gangaren dutse. Mutum ɗan sittin da ɗaya, a rana, da lita ɗaya. Na rubuta lambobin sau biyu kamar za su canja.

Shugabanmu ya ba da babur ba tare da dogon zance ba. Tsinke ya ce akwai hanyar sintiri da ke ratsa cikin gandun ta kai kusa da na sha huɗu, amma babur ba ya ƙarasawa, sauran sai a ƙafa. In muka tashi yanzu za mu kwana a ɗakin sintiri na tsakiya, mu isa rijiyar gobe da azahar, kafin Yaya. Ya ce ba sai na je ba. Na ce ya jira ni a ƙofa.

Na biya gidan Yaya. Matarsa na shanya a tsakar gida.

"Malam Akawu da rana tsaka? Yau ofis ya ƙone ne?"

Na gaya mata a tsaye, ban rage komai ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba, da ma ta yi. Ta shiga kicin ta fito da shuɗiyar jarkar, ta ɗauraye ta, ta cika ta a famfo har ta tumbatsa, ta rufe ta da ƙarfi. Ta miƙo mini ba ta kalle ni ba. Tun da aka kawo ta gidan nan muke tsokanar juna, ranar ce kawai muka rabu ba ta kira ni da kowane suna ba.

Awa biyar muka yi a kan babur ranar, awa biyu washegari. Inda hanya ta ƙare muka jingine shi a gindin bishiya. Tsinke ya goya lita goma, ni na rungumi shuɗiyar jarkar. Da takalmin ofis nake. Kafin awa ɗaya dugadugaina sun saɓule, kafin awa biyu na gane abin da kilo huɗu ke nufi, abin da na yi wata biyu ina rubutawa a takarda ban sani ba. Ƙishi ya kama ni, ruwa na ƙara a ƙirjina da kowane taku, amma na kasa buɗe jarkar. Daga ta Tsinke na sha.

"Malam, kwantar da hankalinka," in ji shi. "Mu za mu riga shi. Mu zauna a inuwa, ya zo ya same mu, ya yi mana tsiya."

Na ce masa haka ne. Amma na san Yaya. A duk rayuwarsa bai taɓa isa wuri a lokacin da aka sa masa ba, kullum kafin lokaci ne. Wannan ban sa shi a lissafi ba, sai a kan hanyar nan ya faɗo mini.

Ƙarfe ɗaya da kwata muka hango turken. Tun daga nesa na ga wani ɗan abu a kansa, na yi ta roƙon Allah ya sa kashin tsuntsu ne. Tsakuwa ce. A bakin rijiyar ga ɗan gugansa a yashe, igiyar a warware, cikinsa busasshiyar ƙasa. Sawun takalminsa ya zagaye rijiyar, iska har ta fara share shi.

"Ya zo tun jiya," in ji Tsinke, muryarsa ta yi ƙasa. "Ina ya nufa? Gaba ko baya? In muka bi wanda ba shi ba, shi ke nan."

Na tsaya a kan turken. Tsakuwar ba ta gefen na sha biyar, ba ta gefen na sha uku. A tsakiya take daidai, a kan lambar. Na duba ta ta kowane ɓangare ko gangarowa ta yi. Ba gangarowa ta yi ba, an ma ɗan share ƙurar wurin da yatsa kafin a ajiye ta.

"Bai tafi ba," na ce. "Yana nan."

"Ya aka yi ka sani?"

"Shi ne na gaba."

Tsinke bai gane ba, bai kuma tsaya tambaya ba. Muka rabu muna kira. Ni ina "Yaya!", shi yana "Mai Sarƙa!" Babu amsa sai kukan wasu tsuntsaye da suka tashi. Akwai manyan tsuntsaye biyu da ke shawagi can sama, na hana idona komawa kansu. Minti ashirin da biyu muka yi, na duba agogo daga baya, amma a lokacin ban san ana ƙirga lokaci ba.

Tsinke ne ya ga ƙafa. Akwai wani faifan dutse da ya yi rumfa kamar taku ɗari biyu daga rijiyar. Yaya na kwance a ƙarƙashi, ya tone ƙasa ya kai inda take da sanyi, ya lulluɓa da zanen shimfiɗarsa har ka. Na tsaya na kasa ɗaga zanen. Tsinke ya ɗaga. Idanun Yaya a rufe, sun faɗa ciki, leɓɓansa sun tsage sun yi fari, gwiwar ta kumbura ta cika wandon. Gorar na kan ƙirjinsa, a buɗe, babu ko ɗigo. Na sa kunnena a bakinsa, na ji numfashi kamar ana jan takarda a kan tebur.

Na buɗe jarkar zan kafa masa, Tsinke ya buge hannuna. "Kashe shi za ka yi? Da murfi, Malam, da murfi!" Ya lalubo gwangwanin gishiri da sukari a jakar, ya kaɗa a gora. Muka riƙa ɗiga masa da murfin jarka, ɗaya bayan ɗaya. A murfi na tara maƙogwaronsa ya motsa. A na ashirin da wani abu ya buɗe ido, ya kalle ni, ya kalli abin da ke hannuna.

"Shuɗiyar," ya ce. Da ƙyar na ji. Can kuma ya ce, "Ka makara, Akawu."

Washegari muka fito da shi, Tsinke ya goya shi rabin hanya, sauran ya dafa mu. Kwana huɗu ya yi a asibiti ana ƙara masa ruwa. Likita ya ce da an ƙara wuni ɗaya da ƙodarsa ta tsaya. Gwiwar kuwa ta tafi ke nan. Yanzu da sanda yake zuwa bakin titi, kuma ya ce takun ya ƙaru daga ɗari da sha biyu zuwa ɗari da saba'in.

A rana ta uku a asibitin, matarsa ta fita ɗebo ruwan zafi, ya ba ni labari. Ya isa rijiyar Laraba da azahar, kwana ɗaya da wani abu kafin lokaci, kuma saurin ne ya tayar da gwiwar. Da guga ya fito da ƙasa ya zauna ya auna: gaba ba zai kai ba, gangaren baya da wannan ƙafa kwana biyu ne. Sai ya ajiye tsakuwa ya nemi inuwa, ya raba litar ɗaya murfi-murfi, ta kai shi safiyar Alhamis.

"Ba ka ji tsoro ba?" na tambaye shi.

"Na ji mana. Amma na san halinka. Ba kai ne kowace Laraba kake bin littafin nan daga farko ba, layi-layi, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa? Na ce yau Laraba, yanzu haka Akawu ya kai shafin. Zai gani, zai zo." Ya gyara kwanciya. "Shi ya sa ban motsa ba."

Na ce masa haka ne. Gaskiyar magana, na daina bin littafin ranar Laraba shekara shida da suka wuce, tun da na ga ban taɓa samun kuskure ba. Ko da na bi ma, maki zan gani da takarda da sa hannu, in wuce. Da Tsinke ya kai takalminsa wurin mai gyara a makon nan, da ina kan tebur ina shigar da wasu takardu har ranar da za a kira daga turke na ashirin a ce Mai Sarƙa bai iso ba. Ban gaya wa Yaya wannan ba. Matarsa ma ban gaya mata ba, ko da yake ta koma ce mini Malam Akawu bayan wata biyu, kuma wani lokacin yadda take kallona nakan ga kamar ta sani.

Na raba layin ƙarshe na rajistar biyu, ɗaya "ruwan sama", ɗaya "ruwan sha". Ba na jan maki a na biyun sai ɗan sintiri ya zura igiya da hannunsa ya rubuto mini taƙi nawa ne ya jiƙe. Suna mita, suna cewa na cika naci. Na kuma koma bin littafin kowace Laraba.

Asabar da ta wuce na je gaishe da Yaya, na tarar da sikelin a baranda, sandarsa a kai. Giram ɗari shida da arba'in, in ji shi. Ya ce turke ashirin da shida suka rage masa, kuma in aka yi su uku-uku, babur na jira a gaba, ai ba wani abu ba ne. Ya ce in zo masa da littafin mako mai zuwa.

Na ce zan duba. Na dawo ofis na bi shafin bana sau uku, daga na sha biyar har na arba'in. Duk lambobin daidai suke, amma har yanzu littafin na cikin durowa, ban kai masa ba.